Mota talatin a rana: lissafin tashar cajin gaggawa a hanyar Abuja zuwa Kano

A kusan kowace tashar mota a Kaduna, daga Kawo har Mando, akwai mai teburin cajin waya. Katako ne cike da soket, ɗan janareta yana kuka a gefe, wayoyi jere kowace da lambarta. Wannan bawan Allah ya riga ya san ƙashin bayan harkar cajin motocin lantarki, ko da bai taɓa ganin irin motar da idonsa ba. Ya san da zarar ya tayar da inji mai zai ƙone, ko waya uku ce a kan teburin ko sittin. Ranar da tasha ta cika ya koma gida da riba, ranar da ruwan sama ya kori fasinja ya ƙona mai a banza. Ya kuma san abin da mutane ke biya. Batirin waya bai wuce kashi 2 cikin 100 na yunit ɗaya na mita ba, don haka wanda ya miƙa masa naira 100 ya sayi yunit a kan kusan naira 5,000 ke nan, alhali a layin da ya fi kowane tsada a ƙasar nan yunit bai wuce naira 200 da 'yan kai ba. Ba mai jin an cuce shi, domin ya samu wuta a daidai lokacin da wayarsa ta mutu, a daidai inda yake tsaye.

Tashar cajin gaggawa ta bakin babbar hanya wannan teburin ne aka ninka shi. Mota ɗaya da ta tsaya ta sha yunit 40 daidai take da waya dubu biyu, kuma mai ita yana so a sallame shi cikin rabin awa. Inda lissafin ke rikicewa shi ne, mai waya zai biya ninki ashirin na kuɗin wuta bai ji a jikinsa ba, mai mota kuwa ga gidan mai nan a tsallaken titi yana kwatantawa. Da yunit ya haura wani farashi, wanda ke shirin sayen mota mai batir zai fasa, ya ci gaba da lallaɓa tsohuwar Golf ɗinsa.

Maganar ta zo ƙofar gidanmu ne tun ranar 29 ga Mayu 2023, da Shugaba Tinubu ya ce tallafin mai ya ƙare. Litar fetur ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000 a wurare da yawa. Tun kafin nan an fara haɗa Hyundai Kona mai batir a Legas, hukumar NADDC mai kula da harkar ƙera motoci ta kafa tashar caji mai aiki da hasken rana a Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo ta Sakkwato a 2021, a Maiduguri kuma motocin haya masu batir suna ɗaukar fasinja a cikin gari. Kaduna, garin da aka fara haɗa Peugeot a Kakuri tun 1975, ba baƙuwar harkar mota ba ce. Amma duk wanda ka yi wa zancen motar lantarki a nan, tambayarsa ɗaya ce: to idan na kama hanyar Abuja ko Kano, a ina zan yi caji? Tambaya ce mai kyau, amsarta kuma tana cikin aljihun wanda zai zuba jari, shi ya sa nake so mu zauna mu yi masa lissafin.

Da farko a raba caji gida biyu. Wutar da ke zuwa ta layi tana kai da komo ne, batir kuwa wuta mai tafiya hanya ɗaya yake sha, don haka dole a juya ta. A cikin kowace motar lantarki akwai ƙaramar na'urar juyawa, galibi mai ƙarfin kilowat 7 ko 11. Da ita ake caji a gida, batir mai yunit 60 ya kwana yana sha, gari na wayewa ya cika. Wannan caji mai arha ne, kayansa ba su da tsada. Cajin gaggawa kuwa ana fitar da na'urar juyawar ce waje, a gina ta babba kamar firji biyu a haɗe, mai ƙarfin kilowat 50, 120, 150, har 350, ta riƙa ɗura wuta kai tsaye cikin batir. Shi ma batirin ba ya karɓa da gudu ɗaya tun daga farko har ƙarshe. Kamar cika buhu da gero ne: da farko ana zubawa da kwano, da ya kusa baki sai ana girgizawa ana ƙarawa da hannu. Shi ya sa masu kera motoci ke ba da lokacin caji daga kashi 10 zuwa 80 cikin 100, wanda a yawancin motoci minti 20 zuwa 40 ne. Ragowar kashi 20 ɗin na iya cin kusan wani lokacin kamar haka.

Kwatanta da famfon gidan mai. Famfo yana zuba lita 30 ko fiye a minti ɗaya, da biyan kuɗi da komai mota ta tashi cikin minti huɗu ko biyar. Famfo ɗaya zai sallami mota goma sha biyu a awa. Igiyar caji ɗaya, ko ta yi ƙoƙari, mota biyu.

Yanzu ga lissafin. Alƙaluman da zan ɗora jarin a kai na misali ne, kowa zai iya cire su ya sa nasa, tsarin ne ba ya canzawa. A ɗauka wani Alhaji ya kafa na'ura ɗaya mai kilowat 120 da igiya biyu. Da kuɗin na'urar, wadda da dala ake sayo ta, da fito da kwastan, da taransifoma tasa ta kansa, da janyo layi, da siminti da rumfa, a ce ya kashe naira miliyan 150. Babban Bankin Najeriya ya kai ma'aunin ruwansa kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, don haka ɗan kasuwan da ya ci bashin banki a irin wannan yanayi ruwan da zai biya yana kusa da kashi 30. Miliyan 45 ke nan a shekarar farko, ruwa kawai. Ko da kuɗinsa ne ba bashi ba, lissafin bai ɓace ba, domin da ya zuba su a shinkafa ko taki da sun juyo masa da wani abu. A ƙara miliyan 15 na mayar da uwar kuɗi cikin shekara goma, wadda kusan ita ce tsawon ran na'urar. A ƙara miliyan 12 na albashin yara, maigadi, haya, gyara da intanet ɗin karɓar kuɗi. Jimla miliyan 72 a shekara, wato naira 200,000 kowace safiya, tun kafin mota ko ɗaya ta shigo.

Wannan dubu 200 ita ce man janaretan mai cajin waya. A kan yunit ɗin da aka sayar a ranar za a raba ta. Ita wutar kanta, tun da hukumar NERC mai kula da harkar wutar lantarki ta ɗaga farashin rukunin Band A, wato layukan da suka fi samun wuta, zuwa naira 225 a Afrilu 2024, daga baya ya sauko wajen 209, a sa ta naira 230 idan an haɗa da kusan kashi 10 cikin 100 da ke ɓacewa a zafi wajen juyawa. Idan mota biyar suka zo a rana, kowace ta sha yunit 40, an sayar da 200. Kowane yunit zai ɗauki naira 1,000 na jari da 230 na wuta, ya tashi 1,230. Idan mota 25 suka zo, yunit 1,000 ke nan, kason jari ya faɗo zuwa naira 200, yunit ya tashi 430. Idan 40 ne, ya tashi 355. Na'ura ɗaya ce, wuri ɗaya, wuta ɗaya, amma farashin ya ninka fiye da sau uku saboda yawan masu tsayawa kawai.

To nawa direba zai iya biya? Ƙaramar motar fetur da ke shan lita 8 a kilomita 100, idan lita tana naira 900, ta ci 7,200. Motar lantarki mai irin girmanta, da gudun babbar hanya da na'urar sanyaya ciki a kunne, tana cin wajen yunit 18 a wannan tafiyar. Raba 7,200 gida 18, ka samu 400. Nan ne rufin ɗakin, wato iyakar farashin yunit da direba zai iya biya. Wanda ya yi caji a gida a kan naira 209 ya yi tafiyar da kusan rabin kuɗin fetur, kuma wannan ita ce ribar da ake kwaɗaitar da mutane da ita. Wanda ya yi caji a tashar da mota biyar kawai ke zuwa, idan mai tashar ya ɗora masa ainihin kuɗin, ya biya sama da naira 22,000, ninki uku na fetur. Domin Alhajin nan ya sayar a kan 400 bai ci riba ba bai faɗi ba, sai ya sayar da yunit kusan 1,200 a rana. Mota talatin ke nan. Kullum, har da ranar Talata ta tsakiyar damina.

Wannan adadin shi ne zuciyar maganar a wajena, kuma duk mai shelar zai kafa tashoshin caji a hanyar Abuja, tambayar da ya kamata a fara yi masa ita ce daga ina motocinsa talatin za su fito.

Hanyar tamu tana ƙara wa wannan lissafi nauyi ta fuskoki da ba kasafai ake ambata ba. A takarda na'ura tana da awa 24 a rana. A hanyar Abuja zuwa Kaduna, shekarun garkuwa da mutane a wajen Rijana da Katari, da harin jirgin ƙasa na 28 ga Maris 2022, sun koya wa matafiya kada magariba ta same su a daji. Ko da al'amura sun lafa, ɗabi'ar ta zauna. Ƙananan motoci suna tafiya ne tsakanin asuba da faɗuwar rana, don haka motoci talatin ɗin nan sai sun shiga cikin awa 12, wato igiyoyin biyu kusan ba hutu. Sannan ba a rarrabe suke zuwa ba. Ma'aikatan Abuja da iyalansu ke Kaduna suna kwararowa ne yammacin Juma'a, su koma yammacin Lahadi ko asubahin Litinin. Jajibirin salla kuwa hanyar cika take maƙil. Idan mai tasha ya gina don Juma'a da salla, sai ya sa igiya takwas, shida su yi ta zaman kashe wando sauran kwanaki suna cin ruwan banki. Idan ya gina don Talata, ranar Juma'a mota ta shida a layi sai ta jira fiye da awa ɗaya kafin a zo kanta, mai ita kuma ba zai sake dawowa ba, zai ma hana abokansa sayen irin motar. Ƙasar Sin, wadda ta fi kowace ƙasa yawan na'urorin caji, har yanzu tana fama da dogayen layuka a tashoshin manyan hanyoyi lokacin hutun sabuwar shekararsu. Gidan mai ma yana ganin cunkoson salla, amma famfonsa na sallamar mutum cikin minti biyar.

Sai kuma inda wutar za ta fito. Igiya huɗu masu kilowat 150 idan suka kama aiki tare suna jan kilowat 600. Taransifomar da ke ba unguwa guda wuta, mai ɗaruruwan gidaje, galibi 300 ce ko 500. Wato tashar caji matsakaiciya ta fi unguwa jan wuta, kuma a fizge take ja, yanzu shiru, anjima duka. A Amurka kamfanonin wuta suna cajin irin wannan kwastoma kuɗi na musamman bisa mafi girman jan da ya yi cikin minti 15 a wata, ko da sau ɗaya ya yi, kuma wannan kuɗi ya sha cinye ribar tashoshin da ba su da ciniki. A nan nauyin ta wata ƙofa yake shigowa: kai za ka sayi taransifomarka, kai za ka kafa turakunka zuwa babban layi, kai za ka tsare su daga ɓarayin waya da masu kwance taransifoma su zuƙe manta. Layukan Band A da aka yi wa alƙawarin awa 20 a rana galibi a cikin gari suke. Ƙauyen bakin hanya ba ya cikin wannan gata. Alƙawarin ma yana rataye ne a kan babban layin ƙasa, wanda da ƙyar yake raba megawat 5,000 ga mutane sama da miliyan 200, wanda kuma ya faɗi sau da dama a 2024. A Oktoban 2024 ɗin yawancin jihohin Arewa sun shafe fiye da mako guda a duhu, bayan an lalata layin Shiroro zuwa Kaduna, layin da ke biyowa ta Binuwai shi ma ya samu matsala. Gidan mai da aka ɗauke wa wuta zai tayar da ƙaramin inji ya ci gaba da sayarwa, domin kayan sayarwarsa na cikin tanki a ƙasa. Tashar caji da aka ɗauke wa wuta hajarta ce gaba ɗaya ta tafi.

Abin da zai fara zuwa ran ɗan Najeriya shi ne janareta. Litar man gas ɗaya a babban inji tana ba da yunit uku zuwa uku da rabi. Idan lita tana naira 1,200, mai kaɗai ya kai yunit kusa da naira 400, ba a sa kuɗin injin da gyaransa da dubu 200 ɗin nan ta kullum ba. An riga an fasa rufin ɗakin. Janareta zai iya zama na fita kunya na awa ɗaya ko biyu, amma tashar da ta dogara da shi ta mutu tun ba a buɗe ta ba.

Sola ta fi ba da fata, kuma a nan Allah ya yi mana baiwa. A yankin Kaduna kowane kilowat ɗaya na faranti yana ba da wajen yunit huɗu da rabi a rana idan an daidaita shekara. Domin a samu yunit 1,200 ana buƙatar faranti kusan 500 irin manyan nan masu wat 550, a kan fili mai girman sulusin filin ƙwallo ko fiye. A bakin hanya fili ba ya wuya. Sa'a ta biyu ita ce lokacin da rana take bayarwa shi ne lokacin da muke tafiya, abin da tsoron dare ya rage mana sai ya dace da sola. Amma rana tana bayarwa ne a hankali, mota kuwa a fizge take sha, ga hadarin Agusta, ga ƙurar hunturu da ke lulluɓe faranti sai an riƙa wankewa. Don haka dole a sa babban batir a tsakani, ya zama kamar tankin ruwa na saman gida: famfo yana ɗiga masa duk yini, kai kuma ka buɗe ka cika bokiti nan take. Batirin nan shi ne zai rage girman taransifomar da ake buƙata, shi ne kuma zai riƙe tasha idan an ɗauke wuta. Farashin batir ya faɗi ƙwarai a duniya, a 2024 matsakaicinsa ya sauko wajen dala 115 kowane yunit na ajiya. Sai dai tsakanin 2023 da 2024 dala ta tashi daga naira 460 zuwa wajen 1,500, ta cinye yawancin sauƙin. Sola da batir suna rage kuɗin wuta na kullum, amma suna ƙara jarin farko, wato suna ƙara wa dubu 200 ɗin nan ƙiba. Duk hanyar da aka bi, ana dawowa kan yawan motoci da tsadar bashi. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Yanzu a dubi taswira, domin a nan nake ganin ana shirin yin kuskure. Daga Zuba zuwa Kaduna kilomita 165 ne, Kaduna zuwa Zariya 70 da 'yan kai, Zariya zuwa Kano kusan 137. Motar da ke da batir mai yunit 60 tana yin kilomita 300 a babbar hanya ba tare da fargaba ba. Wanda ya kwana yana caji a gidansa a Malali ko Barnawa zai shiga Abuja da sauran wuta, zai shiga Kano da sauran wuta. Ba abin da zai tsayar da shi a Jere ko Kwanar Ɗangora. Abin da yake buƙata shi ne inda zai sa mota a can inda ya sauka, ofis ko otal ko gidan ɗan'uwa, kuma caji mai jinkiri ya ishe shi. Mai buƙatar tsayawa a hanya shi ne wanda ya taso daga Abuja zai wuce Kano, Katsina ko Gusau, shi kuma tsakiyar tafiyarsa garin Kaduna ne, a kan titin Nnamdi Azikiwe da ke kewaye gari ta yamma, inda ake da layin wuta mai ƙarfi, babbar tashar wuta ta Mando na kusa, ga jama'a, ga tsaro. Tarayyar Turai ta yi doka a 2023 cewa a samu tashar cajin gaggawa duk kilomita 60 a manyan hanyoyinta. Amurka ta ware dala biliyan 5 a dokar 2021 domin tasha duk mil 50, kowace da igiya huɗu masu kilowat 150, gwamnati na ɗaukar har kashi 80 cikin 100 na kuɗin. Duk da wannan kuɗi, tashar farko sai a Disamba 2023 aka buɗe ta a jihar Ohayo. Su suna da miliyoyin motocin lantarki da bashi mai sauƙin ruwa, kuma duk da haka sai da baitulmali ya sa hannu. Idan muka kwafo tsarin nan muka jera na'urori a daji duk kilomita 60, kowace za ta samu mota biyu ko uku a rana, a yanka kyalle a ɗauki hoto, bayan shekara ƙura ta toshe fankarta. Kayan aro ba ya rufe katara.

Motoci talatin ɗin suna nan, amma a tasha suke. Direban haya na Kaduna zuwa Zariya da ya yi sawu uku zuwa da dawowa ya ci kusan kilomita 450 a yini, wato wajen yunit 80, duk ranar Allah. Na Kano da ya je ya dawo sau ɗaya haka. Mai motar gida yana iya yin wata bai yi tafiyar da wannan direba ke yi a kwana uku ba. Kuma direban haya yana da abin da mai jif ba shi da shi, wato lokacin jira da ya riga ya zama dole. Da ya sauke fasinja sai ya shiga layi, ya jira 'yan kamasho su zo kansa. Wannan zaman na rabin awa ko awa ɗaya, wanda yanzu a banza yake tafiya, shi ne daidai lokacin caji. Motar ba ta rasa sawu ko ɗaya ba. Idan ta kwana a tasha a kan caji mai jinkiri ta tashi a cike, sai ta buƙaci cajin gaggawa sau ɗaya da rana, don haka mota talatin na layin Zariya da Kano sun isa su riƙe na'ura ɗaya a Kawo. A tashar da ɗaruruwan motoci ke lodi, talatin ba wani abu ba ne. Mai jari zai iya zama da shugabannin ƙungiyar direbobi ya ƙulla yarjejeniya a rubuce: yunit kaza a wata, a kan farashi kaza. Da wannan takardar a hannu zai shiga banki da ƙarfinsa. Mai motar gida da ke wucewa da salla sai ya zama ƙari, a caje shi farashi mafi tsada, kamar mai wayar da ta mutu.

Akwai wata riba da ke ɓoye a cikin rabin awar nan. A Amurka da Ingila an daɗe da sanin cewa gidajen mai da yawa ribarsu ta kanti ta fi ta famfo. Wanda zai tsaya minti biyar ba lallai ya sauko ba, wanda zai tsaya minti talatin dole ya sauko. Mu kuwa tafiyarmu da ma da zango take. Direba yana tsayawa a yi azahar, a ci tuwo ko shinkafa, a kama ruwa, a sayi tsire da burodin tsaraba. Tafa da Mararrabar Jos a kan haka suka ginu. Wanda ya haɗa na'urar caji da masallaci mai ruwan alwala, da banɗaki mai tsafta na mata, da rumfar abinci da yake karɓar haya a kai, ya rage wa yunit nauyin da yake ɗauka. Idan hayar rumfuna da cinikin abinci suka kawo naira 50,000 a rana, motocin da ake buƙata sun sauko daga talatin zuwa ashirin da biyu. Shi ya sa masu gidajen mai da gidajen abinci da ke da fili da kwastoma tun tuni suka fi sabon shiga damar cin wannan kasuwa.

Ƙananan abubuwa ma suna iya kashe jari. Bakin igiya ba iri ɗaya ba ne: motocin Sin na zuwa da GB/T, na Turai da CCS2, tokumbo na Amurka da CCS1 ko na Tesla, tsofaffin Nissan Leaf da CHAdeMO. Na'urar da ba ta dace da rabin motocin gari ba ta yi asarar rabin kasuwarta. Ga gyara. Amurka ta shardanta wa tashoshin da ta tallafa su kasance suna aiki kashi 97 cikin 100 na lokaci, domin direban da ya iso da kashi 8 a batir ya tarar da na'ura a mace ba shi da ɗan bumburutu da zai kawo masa galan. Zafin Maris da Afrilu da ƙurar hunturu abokan gabar kayan lantarki ne, kuma idan ƙaramin allo ya ƙone aka ce sai an yi odarsa daga waje, wata biyu na dubu 200 kullum sun tafi. Kaduna tana da masu hannu, Panteka shaida ce, ga Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna da ABU Zariya suna yaye injiniyoyi. Horar da su a kan waɗannan na'urori tun kafin a shigo da su yana cikin jarin, ba a fafe gora ranar tafiya.

Idan gwamnati za ta sa hannu, a ganina ba sayen na'ura ne aikinta ba. Dokar wutar lantarki ta 2023 ta ba jihohi ikon tsara kasuwar wutarsu. Abin da ya fi ƙarfin ɗan kasuwa shi ne janyo layi mai ƙarfi zuwa manyan tashoshin mota, da tsayar da bakin igiya ɗaya ko biyu da za a riƙa shigowa da su, da bashi mai sauƙin ruwa. A lissafinmu na sama, idan ruwa ya sauko daga kashi 30 zuwa 10, miliyan 45 ta koma 15, kuɗin kullum ya faɗo daga dubu 200 zuwa ƙasa da dubu 120, motocin da ake buƙata su koma goma sha bakwai ko sha takwas. Ba wata fasahar batir da za ta yi wannan aikin cikin dare ɗaya. Sannan a sani rufin naira 400 ba a kafe yake ba. Fetur na iya sauka, ga iskar gas ta CNG da direbobi ke juya injinsu zuwa gare ta a kan kuɗin da bai kai na sabuwar mota ba, ga bututun iskar gas na AKK, daga Ajaokuta zuwa Kano, mai kilomita 614 da aka fara shimfiɗawa a 2020 wanda zai ratsa Kaduna. Direban haya zai bi duk wanda ya fi rage masa kashe kuɗi a sawu.

Saura tambayar da direban kansa zai yi, kuma ita ce ta fi wuya. Motar ba tasa ba ce, balas yake kaiwa kowace yamma. Mai motar da ya sayi tsohuwar Sharon a kan 'yan miliyoyi yanzu ana ce masa ya sayi mai batir a kan ninkin wannan kuɗi sau da yawa. Idan yunit na tasha 400 ne, daidai da fetur, ribar da ta rage ita ce ta cajin dare mai arha, da rashin juyen baƙin mai, da rashin gyaran inji da giya. Domin ta biya tsadar motar sai yunit na rana ya sauko wajen 300, sai kuma motar ta zo ta hanyar biya a hankali, shekara uku ko huɗu, a riƙa cire kuɗin daga balas. Wannan yana nufin wanda zai kafa na'urar a Kawo da wanda zai ba da motoci talatin ɗin bashi, ko dai su zama mutum ɗaya, ko su sa hannu a takarda ɗaya rana ɗaya.